Mai Jifa ta Tsakanin Ƙafafu

A filin sakandaren garinmu, nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka, akwai wani saurayi da nake gani kullum bayan an watse daga atisayen ƙwallon Amurka. Gajere ne kakkaura, ƙeyarsa duk ƙunar rana. Yakan duƙa, ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa, ya wurga ƙwallon nan mai siffar gwanda baya, ta shige cikin tsohuwar tayar da ya rataye a shinge. Sai ya taka ya ɗauko abarsa, don ba mai cafe masa.

Yau tsoho mai yankan ciyawa ya kashe injinsa.

"Kai, Colby! Ba kai ke jagorantar wasa bara ba? Me ya kai ka goho?"

"Baba, masu jagora sun yi wa jami'o'i yawa," in ji shi. "Mai wannan jifan suke nema, su ba shi karatu kyauta. Koci ya ce in na iya, ba mai sanin sunana."

"In ka kuskure fa?"

"Ranar kowa zai sani."

Ina jin a gidansu ba wanda ya taɓa shiga jami'a. Ya sake duƙawa, yana kallon kujerun 'yan kallo a kife, babu kowa a kai.