Sunan da Uwa Ta Ƙi Faɗa

"Baiwar Allah, ya sunan yaron?"

Ta sunkuyar da kai. Daga Tungar Daji ta kawo shi asibitinmu a Anka. Gubar dalma ta sake tasar masa, katinsa kuma ya ɓace.

"Malam, ɗan hwari na, ba ni hwaɗin sunanai. Bawa muke kiranai."

Na buga Bawa a gurbin suna, ban sa rai ba. Kwamfuta ta ce babu, sai ta tambaya: ko Sanusi nake nufi, mai laƙabin Bawa, na Tungar Daji?

Na karanta mata, ta gyaɗa kai. Duk bayanin maganinsa ya fito.

Na'ura ta gyara mini tambaya, uwa ta tsira da kunyarta. Jama'a, kun taɓa ganin haka?