Kawu Kalilu da Wayar Wuta Mai Kai Biyu

Kawu Kalilu ƙanin Innarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Daura ya san shi da Kalilu mai rediyo, ko da yake yanzu rediyo ce mafi ƙarancin abin da ake kai masa. Ya koyi aikin a hannun wani mutumin Damagaram da ya daɗe a garin nan, wanda da zai koma gida ya bar masa teburi da ƙarfen narka dalma. Da aka fara shari'ar Musulunci gidajen kallon bidiyo suka yi sanyi, gyaran talabijin ya ja baya, har Inna ta fara ce masa ya koma gona. Ana cikin haka salula ta shigo gari, shagonsa ya sake cika.

Kawu ba ya gyara abu ya yi shiru. In ka kai masa kaya sai ka tafi da wa'azi. Salular da ta faɗa ruwa, in ji shi, kada ka kunna ta don ka ga ko tana aiki, ka cire batir ka binne ta cikin kwanon gero ta bushe. Batirin da ya kumbura a rabu da shi, kada a ce za a shanya shi a rana ya dawo. Rediyon da za a ajiye a fitar mata da batir, in ba haka ba ruwansa ya cinye ta ta ciki. Wayoyin nan masu babbar murya da ake shigowa da su ta Mai'aduwa kuwa ba sa burge shi ko kaɗan. Yakan ɗaga ɗaya sama ya ce, "Wannan salula ce ko motar masu tallan magani?" Wanda zai taɓa wutar lantarki kuma, ya sa silifas na roba, ya sa hannu ɗaya a aljihu. Ni nake kai masa abinci shago tun ina firamare, don haka na haddace waɗannan maganganu ba da niyya ba.

Akwai abu ɗaya da ya ƙirƙira wanda ya fi kome jawo masa suna. Lokacin ƙananan janareto sun fara yawa, amma haɗa su da gida yadda ya kamata aiki ne babba. Sai Kawu ya riƙa yin wata wayar wuta mai kai biyu: kai ɗaya a cusa a jikin janareto, ɗayan a soket ɗin bango, nan take duk gidan ya ɗauka. Sharaɗinta guda ne. Kafin a ta da injin, dole a zare fiyus ɗin da ke jikin mita, don a raba gidan da wayar titi. In ba a zare ba, wutar injin takan bi ta fita, ta hau wayar titi ta shiga gidajen mutane. Duk wanda ya sayi wayar sai Kawu ya maimaita masa wannan har ya gaji da ji. Amma maza ne suke zuwa shago, kuma in ya je gida a zaure yake tsayawa da maigida. Bai taɓa tunanin wanda ke wuni da injin a cikin gida ba.

A daminar shekarar da na gama sakandare aka yi iska mai ƙarfi da yamma, ta tsinke wayar da ke ba lungunmu wuta, daidai saman falwayar da ke ƙofar gidan Sada tela. Da safe maza suka taru suna kallon wayar a ƙasa. Babu wuta a ɓangarenmu na gari tun kafin iskar, sai suka ce a ɗaure ta yanzu kafin a kawo. A lungunmu in an ce a ɗaure, Kawu ake nufi.

Mu a wurinmu, namiji ba ya hawa sama haka kawai, ko rufin soro ne ko bishiya, don yana hango tsakar gidajen mutane. Sai an yi shela tukuna. Sada ya bi ƙofa ƙofa yana cewa, "A gafara, za a hau sama." Mata suka kwashe tabarmi da turmi suka shige ɗaki, ba za a fito ba sai an ji an ce an sauko. Ni da Inna muka shiga ɗakinta, ta rufe tagar da ke kallon falwaya. Rana ta fito da ƙarfi bayan ruwan jiya, ɗakin ya yi duhu da zafi kamar cikin tukunya.

Muna zaune tana tsintar shinkafa da lalube, sai na ga wani abu ja a saman kanmu. Ƙwan lantarkin ɗakin ne. Bai haska ba, zaren cikinsa kawai ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Inna ta ɗaga kai. "Har ya gama? Yaron nan da sauri yake."

"Inna, ba a ce an sauko ba."

Ta ajiye faifan. Na ga bakinta yana motsi amma ban ji abin da take faɗa ba. Wayar lungunmu a tsinke take, babu ta inda wutar gari za ta zo mana. Wannan wutar daga cikin lungun take fitowa, daga injin wani gida, kuma tana bin wayar da Kawu ya hau ɗaurewa.

Na ja hijabin Inna da ke rataye na fita da shi a baibai.

A ƙofar gidan Sada maza sun yi da'ira suna hira, wasu suna cin gyaɗa. Sada ya riƙe gindin tsanin katako da hannu biyu. Can sama Kawu yana tsaye, ya rataya bakin wayar da ta tsinke a kafaɗarsa ta hagu don hannunsa ya samu sarari. Wayar titi ba ta da roba, tsurar ƙarfe ce. Rigarsa kaɗai ke tsakaninta da fatarsa. Hannunsa na dama yana miƙe wajen ƙarfen da ke gicce a kan falwayar, bai kai ga kama shi ba.

Na so in yi ihu, na ji tsoron ya firgita. Na tsaya a gindin tsanin na ce, "Kawu, kada ka taɓa kome. Ƙwan ɗakin Inna ya yi ja."

Wani daga cikin mazan ya yi dariya. "Ke 'yar boko, koma ciki. Ya gwada ta da testa a gabanmu, babu kome."

Kawu bai waiwayo ba. Hannunsa ya tsaya cak a iska. Sannan ya yi magana a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci.

"Gaskiya ta faɗa. Ina jin tsam-tsam a kafaɗata, na ɗauka tururuwa ce. Sada, kada ka saki tsanin nan, kada ka bari ya goga wani abu. Ku kuma ku matsa daga ƙarƙashina."

Hirar ta mutu. Wani ya ce ya jefar da wayar mana. Kawu ya ce da wane hannu, tsanin ya sha ruwan jiya, ga wasu wayoyin a gefen kunnensa, in ta zame ta taɓa wuyansa ko ta haɗu da su shi ke nan. Abin da ya rage ya tsaya yadda yake har a kashe injin. Ina kallon bayan rigarsa, gumi ya fara zana taswira yana hawa wajen kafaɗa. Na san abin da jiƙaƙƙen yadi yake yi da wuta, shi da kansa ya koya mini.

Kowa ya kasa kunne ko zai ji ƙarar janareto, amma injin niƙan bakin lungu ya cika ko'ina da ruri. Wani dattijo ya ɗaga riga ya nufi can don a kashe shi. Sauran suka tsaya suna kallon ƙofofin gidaje. Masu gidajen da yawa sun tafi kasuwar Mai'aduwa, matansu na ɗaki a rufe, babu namijin da zai kutsa kai gidan wani. Suka fara buga sallama daga zaure, mata a can ƙurya ba sa ji.

"Rauda," in ji Kawu, har yanzu fuskarsa na kallon falwaya. "Gidaje uku na yi wa wayar nan a lungun nan. Gidan Malam Hamma, gidan Ɗanbaba, gidan Alhaji Mainasara. Shiga. In kin sami inda aka kunna, ta wajen injin za ki zare, ba ta wajen bango ba."

Gidan Malam Hamma ya fi kusa. Na tarar da injinsu a rufe da buhu, kaji na kwance a kai. Goggo Yelwa, mahaifiyarsa, ta leƙo ta labule tana tambayar wa ya rasu. Na juya na fita. A gidan Ɗanbaba ƙofar cikin ma a kulle take da kwaɗo. Da na fito na ɗaga kai, Kawu na nan yadda na bar shi, sai dai tsanin yana ɗan motsi, Sada ya kifa goshinsa a jikin katakon yana salati.

A daidai nan injin niƙa ya yi shiru. Sai na ji shi, wani ɗan gunji a danne, daga ƙarshen lungu. Kawu ne ya gina wa injin Alhaji Mainasara ɗan ɗaki na bulo a bayan madafa don kada ya dami maƙwabta, kuma ya gina shi da kyau.

Na tarar da Anti Haulatu, matar Alhaji, a kan gado da jaririnta, fanka na kaɗawa a hankali a kansu. Jego take yi, bai fi sati biyu da suna ba.

"Ke Rauda, ko sallama babu? Waye ya koro ki?"

"Anti, ke kika ta da inji?"

"To ya zan yi? An ce mu shige ɗaki, yaron nan duk ƙuraje sun feso masa, sai kuka yake. Kuma kawun naki ya cuce mu, dubi fankar, kamar mai jin yunwa."

Na wuce ta na zaga bayan madafa. Hayaƙi ya cika ɗan ɗakin. Na kasa kama kan wayar a karon farko, zafin injin ya lashe mini yatsa. Na sake kamawa da gefen hijabi na fizge. Injin ya ɗaga murya sama kamar an sauke masa kaya, fankar ɗaki ta fara mutuwa.

Anti Haulatu ta biyo ni da jaririn a kafaɗa. "Wai me ke faruwa ne?"

"Kin zare fiyus na mita?"

"Wane fiyus? Alhaji ya nuna mini inda ake cusa waya da yadda ake jan igiya. Ban san wani fiyus ba."

Ban tsaya yi mata bayani ba, don ban san abin da zan tarar a waje ba. Lungun ya yi tsit, ko kaza ba ta kuka. Da na kai zaure na jingina da bango ina jiran in ji kururuwa. Ban ji ba. Na leƙa.

Yana nan a sama. Na ce, "Kawu, na zare." Ya ce in aika a duba ƙwan Inna. Inna da kanta ta amsa daga bayan katanga, ta ce ƙwan ya mutu. Sannan ya sa hannu a hankali ya ciro testa daga aljihun ƙirji, ya ɗora a kan wayar da ke kafaɗarsa, ya daɗe yana kallo. Ya sauke wayar ya sake ta ta faɗi ƙasa. Bai ɗaure ta ba.

Saukowar ta fi hawan daɗewa. A matakalar ƙarshe yatsunsa suka ƙi sakin katako, sai da Sada ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a ƙasa cikin taɓo, ya buɗe wuyan riga. A kafaɗarsa akwai jan layi siriri, kamar an ɗora masa zaren da aka tsoma a ruwan zafi. Mazan suka fara faɗa, wani yana cewa matan yanzu ba sa jin magana, wani yana cewa a jira Alhaji ya dawo a yi masa ƙorafi.

Kawu ya ɗaga hannu. "Ku bar matar mutane. Ni na yi wayar, ni na zaɓi wanda zan yi wa bayani."

Ya sha ruwa, ya miƙe yana dafa Sada, ya ce in shige gaba. Muka je zauren Alhaji Mainasara. Ya tsaya a bakin ƙofar ciki, ya juya baya ga tsakar gida, ya ce in kira Anti Haulatu ta tsaya bayan labule. Labari ya riga ya kai mata, tana ta kuka.

"Malam Kalilu, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, Hajiya. Yaya mai jego, yaya yaron? Ki daina kuka, ki saurare ni. Kin ga akwatin mita a hannunki na dama? Akwai wani abu baƙi a ƙasansa mai kamar murfi. Rauda za ta kama hannunki ta ɗora a kai. Ki ja shi da kanki ina nan tsaye, in ji ƙarar fitarsa."

Ta ja, ya ƙi fita. Ya ce ta ƙara ƙarfi, ba ya cizo. Ta sake ja, ya fito da ɗan ƙara, ta yi baya da shi a hannu.

"To mayar," in ji Kawu. "Ki sake. In kin iya, gidan Malam Hamma za mu je, Goggo Yelwa ma sai ta ja."