Rezar Malam Abdulbaqi

Shekara talatin Malam Abdulbaqi yana naɗa wa fankoki da injina waya a shagonsa na Soron Ɗinki, kuma reza ba ta rabuwa da aljihunsa. Duk wayar da zai saya sai ya kankare ta. In cikinta ja ne, jan ƙarfe ce ta gaske. In fari ya leƙo, alminiyam ne aka shafa wa fenti, sai ya ajiye ya kakkaɓe hannu.

To, yanzu jan ƙarfe ya zama ɗan gata. Wai ƙasashen waje ke wawarsa saboda motocin lantarki da sola. 'Yan gwangwan na bi gida-gida suna kwashewa, mu da ko wutar ba ma gani aka bar mu da fenti. Abokan sana'arsa da yawa sun koma wa ta fentin, ko kunya babu.

Ana haka injin markaɗen maƙwabciyarsa 'Yardada ya ƙone, ga shi da shi take ciyar da gidanta.

"Baban Ikram, sa mini ko wacce ce," in ji ta. "Masu ƙosaina sun fara kai wake Mandawari. In suka saba, na rasa su."

"In sa miki farar, bayan wata biyu ki tare ni a ƙofar masallaci? A'a, Yaya."

Ya je kasuwa, mai waya ya ce ta gasken tana nan, amma sai wanda ya kawo tsohon jan ƙarfe a yi musaya. Ya dawo hannu rabbana.

'Yardada ta yafa gyale ta shiga gidaje. Mata suka dinga zaƙulo matattun fankoki daga ƙarƙashin gado. Ƙawarta Nana Hauwa ta kawo ta kayan aurenta, tana cewa, "Jiya wani ɗan gwangwan ya taya ta da robar wanki. Na ce ya kai wa babarsa."

Malam ya wuni yana farke fankoki, ya cika buhu ya koma. Da aka ba shi sabuwar waya, a gaban mai ita ya zaro reza, ya kankare baki, ya warware har tsakiya ya sake kankarewa. Ja wur.

Ranar Juma'a injin ya tashi. Masu ƙosai suka dawo, ban da ɗaya mai taurin kai.

Yanzu Malam ƙorafi yake, wai ƙarar injin ta hana shi jin rediyo.

"Wa ya naɗa shi?" in ji 'Yardada, tana zuba wake.