Kofin Ruwan Iro

Ku da kunka san Iro mai injin niƙa, ku faɗa mani gaskiya: akwai wanda ya taɓa samun gaisuwarshi kafin kofin nan ya samu wurin zama? Babu! Zai yi sallama ya shigo, ya zaro kofin shayin nan na gilas daga aljihu, ya kwance tsumman da ya naɗe shi, ya tsiyaya ruwan buta har daidai zanen jan farcen da ya yi mashi. Sai ya ajiye ƙasa, ya duƙa shina kallo, kai kuwa kana tsaye da hannu a miƙe. In ya gama sannan ya ɗago ya ce, "Gidan nan lahiya lau. To, ina kwana?"

Hali huɗu ne ga ruwan kofin, in ji shi. In ya kwanta lif, barci ne. In ya ɗan yi zobe-zobe, murmushi ne. In ya fara tsalle, dariya. In kuwa ya zuba, hauka ke nan, kowa ya nemi takalminshi. In ka ce mashi ai ƙasa ba ta motsi, sai ya dube ka da tausayi. Ni kam na sha wanga kallo. "Komai na rawa, Kulu," haka yake ce mani, "idonku ne ba ya gani."

Kulu ni ce. Iro ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna tatata muke faɗa. Shi ya ce ni baiwarshi ce, ni in ce ko kyauta anka ba ni shi sai na nemi canji.

Kun tuna tahiyarshi Sakkwato? Ya shiga mota a tasha, ya nace sai gidan gaba, don kofi ya samu wurin zama. Ba a yi nisa ba ya ce, "Direba, ƙafarka ta baya ta hagu ba ta da gaskiya."

Direba ya ce, "Baba, mota taka ce?"

"Mota taka ce, amma hanjin nawa ne. Dubi ruwa, dariya yake yi."

Ana isa Gwadabawa ya ce a sauke shi. Mota ta wuce, ta kai mutane Sakkwato lahiya, ta komo da yamma ta tarar da shi nan bakin hanya, duk motar da ta tsaya sai ya aza kofi a kanta ya girgiza kai. Da anka yi mashi dariya a majalisa, cewa ya yi, "Ta isa, na yarda. Amma ba ta isa da mutunci ba."

To, wanga mutum ne fa ya kafa injin niƙa a bayan ɗakina. Filin gadonshi ne, taku goma tsakaninmu. Ɗakin nan kuwa Malam ne ya gina mani shi, maigidana, Allah ya jiƙan shi. Shi ya kwaɓa ƙasar da ƙafarshi, shi ya jera tubali, azarar ma shi ya ɗauko ta daga Lafani a kan raƙumi. A ciki na haifi ɗiyana bakwai, a ciki Malam ya cika. Ga jerena a bango, kwanuka da tasoshi tun na aure, wanda duk unguwar nan babu macen da ta taɓa jera irinshi, kuma na faɗa a gaban kowa.

Ranar da anka ta da injin, ina zaune ina tsinkar zogale, sai na ga kwanukana sun fara tahiya. Wallahi tahiya! Babban kwanon samira ya matso bakin kanta a hankali, ya leƙa ƙasa, ya faɗo. Murfi ya bi shi. Na fita ba ko mayafin kirki.

"Iro! Kai Iro! Kashe wanga shaiɗani!"

Ya zo da kofi, ya aza a kantata. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mashi gemu. Maimakon ya ba ni haƙuri, sai na ga fuskarshi ta washe. Ya ce, "Kai! Hauka sosai! Kulu, ban taɓa ganin mai kyau irin wanga ba."

Kafin wata ya zagayo bango ya tsage, daga ƙarƙashin taga ya nufi sama. Babban ɗana Bello, wanda ke sayar da hatsi a Sakkwato, ya zo ya gani ya ce, "Inna, an gama. Za a rushe ɗakin nan kafin ya rushe a kanki. Ki haɗa kaya ki komo wurina."

Na ce, "Ni? In bar ɗakin ubanka in je in zauna ɗakin siminti ina kallon fanka? Sai dai a fitar da ni a makara."

Ya ce ya ba ni zuwa bayan girbi. Daga nan zai zo da magini, ko na so ko na ƙi.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Dattawa sunka zauna, sunka yanke abin da kowane mai hankali zai yanke: Iro ya rage wa injin gudu, ya kuma ƙara ɗaure shi da ƙasa. Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, in na rage, abin zai ƙaru."

Mai unguwa ya ce, "Iro, ka taɓa jin an rage wuta tukunya ta ƙara tafasa?"

"To, mu tahi a gwada."

Sunka ɗunguma har ɗakina. Anka rage gudu. Jama'a, ranar na ga ikon Allah! Ɗaki duka ya ɗauki gurnani, ƙasa na zubowa daga rufi, rawanin mai unguwa ya yi fari fat. Dattijon da ko sallar idi bai taɓa sauri ba, sai ga shi waje kafin kowa.

Iro ya bi shi da kofi shina cewa, "Ranka ya daɗe, kowane abu da kiɗan da yake so. Bangon Kulu tsohuwa ce irin Kulu, kiɗan sanyi ke taɓa ta. In ka yi mata shi sai ta miƙe. In ka yi na sauri ba ta iya bi, sai ta zauna."

Na ce, "Uwarka ce tsohuwa." Na manta matar kawuna ce.

Mai unguwa ya kakkaɓe rawani ya ce Iro ya yi duk yadda ya ga dama, shi dai kada a sake kiran shi.

Abin da ya fara yi shi ne kwance notunan da sunka riƙe injin da kankare. Makaniken da ya kafa mashi injin, wani mutumin Ƙonni, ya ji labari ya tsallako a kan babur. Ya ce, "Malam Iro, injin da ba a ɗaure ba ai gobe a kasuwar shanu za ka tsince shi."

Iro ya ce, "In ka ɗaure shi da ƙasa, duk fushinshi ƙasa yake ba, ƙasa kuma ta kai wa Kulu. Bari in aza shi kan abu mai laushi, ya yi rawarshi shi kaɗai."

Mutumin ya ce to a sayo robar kirki, akwai ta a Ƙonni. Iro da ya ji farashin a sefa, kuɗin Nijar, sai ya ce ya gode, a gaida gida. Iro da sayen sabon abu? Mutumin da ke tsaga ashana biyu!

Ya jawo tayar babbar mota daga juji, ya aza. Kofi ya sauko daga hauka zuwa dariya. Ya ce tayar ta cika taurin kai. Daga nan ya shiga farautar tsofaffin silifa. Duk bola ta san shi, duk gidan biki ya san shi. Mata sunka riƙa shiga ɗaki da takalmansu in sun ji sallamarshi. Ya yanka, ya jera, ya matse tsakanin katako da katako, ya ɗora injin a kan wani falalen kankare mai nauyi, shi kuma falalen a kan silifan. Kullum da kofi, kullum da ƙari ko ragi.

Rannan na nemi silifana na Makka, masu taushin nan da Bello ya kawo mani tsaraba, na rasa ƙafa ɗaya.

"Iro, ina takalmina?"

"Kusurwar gabas. Aiki yake yi."

"Takalmin Makka ka sa ƙarƙashin injin?"

"To mi? Shi kaɗai ya daidaita kusurwar. Albarka ce. Ki kawo ɗayan, zaman banza yake yi."

Na jefe shi da ɗayan. Ya cafe ya ce na gode.

Bai tsaya nan ba. Ya haƙa dogon rami tsakanin injin da bangona, zurfin ƙugu, ya cika shi da ƙaiƙayi da dusa, wai abin da ya tsere wa silifa ya nutse a ciki. Awakina sunka gano wurin. Kwana uku sun lashe dusar, sun tone sauran. Ya zo shina ihu zai kai ni ƙara, ya aza kofi don ya nuna mani ɓarnar da anka yi, sai ya duƙa ya ƙura mashi ido. Ruwa ya fi na jiya kwanciya. Ramin da babu komai ciki ya fi cikakke. Ya ɗago ya ce, "Kulu, wagga jar akuya taki ta fi makaniken Ƙonni ilimi." Ya shimfiɗa itace a kan ramin don kada wani ya afka, ya bar shi haka.

Bayan girbi Bello ya iso da magini, har da diga a kafaɗa. Ni kuwa na zauna tsakiyar gado na naɗe hannu. Iro ya shigo, ya cika kofi, ya aza a kan kanta kusa da kwanon da ya taɓa faɗowa. Ya ɗauki gawayi ya ja layi daidai inda tsagar bango ta tsaya. Ya fita ya ta da injin.

Da farko ruwa ya yi tsalle, kwanuka sunka yi ƙara. Bello ya ce, "Kin gani, Inna? Magini, bismilla."

Muryar Iro ta taso daga bayan bango: "Kada wanda ya taɓa! Wucewa zai yi!"

Ya ƙara wuta. Kukan injin ya hau sama, ya daidaita. Ruwa ya sauko daga dariya zuwa murmushi, daga murmushi ya kwanta. Ga injin can shina ta niƙa gero, muna jin shi da kunne, amma ɗaki shiru. Bello ya dafa bango. Ya kara kunne. Ya ce wa magini shi ma ya dafa.

Iro ya leƙo, fari fat da gari, ya ce, "Mi ruwa ya ce?"

Na ce, "Barci."

Bello ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, na bar ta. Amma ranar da tsagar nan ta wuce gawayin nan, zan zo da mota."

"Kullum da safe zan duba. In ta wuce, ni da kaina zan ɗauko maka ita, ka rage mani baiwa marar aiki."

Tun daga ranar ya bar mani kofin in riƙa cikawa, ya samo wa aljihunshi wani. Kowace safiya bayan hantsi sai ka ji sallamarshi. Ya duba ruwa, ya duba gawayi, ya shanye mani kunu, ya ce ya yi tsami, ya tahi. Na ce mashi awon nan ya fi ginin sabon ɗaki tsada. Haka munka yi har jikokina sunka yi aure.

Da tsufa ya kama shi, ɗanshi ya kwashe injin ya kai garin Gidan Katta. Bayan ɗakina ya zama fili, kaji na kiwo. Washegari sai ga sallama. Na ce, "Iro, injin ba ya nan. Mi kuma ka zo dubawa?"

Ya nuna kofin. Ya ce, "Wanda ya cika shi. In na tarar da ruwa sabo, na san kin tashi."

Na ƙara mashi kunu.

Da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi, na tahi da kofin. Ko cokali ba ya iya riƙewa. Ya ce wa matarshi ta zuba ruwa ta aza mashi a ƙirji. Munka duƙa muna kallo. Kowane bugu, ruwa ya yi zobe ɗaya, ɗan ƙarami.

Ya ce, "Mi ya ce, Kulu?"

"Murmushi."

"Na faɗa maki. Komai na rawa."

Kwana biyu tsakani ya yi barci.

Bello da ya zo ta'aziyya ya shiga ɗakina, ya tsaya gaban bango. Layin gawayi na nan, Iro ya sha maimaita shi, tsaga kuwa ko faɗin tsinke ba ta ƙara ba. Bai yi maganar mota ba. Ya ɗauki buta ya cika kofin har zanen jan farce.

Har yanzu ni ke cikawa kowace safiya, ko da babu mai zuwa ya duba. Ya Allah, bawanka Iro ya hana ɗakina faɗuwa a kaina. Ka shimfiɗa mashi ƙasa mai laushi, ka sa makwancinshi ya kwanta lif. Ranar da za ka girgiza duniya duka, ka riƙe mashi zuciya. Takalmina kuma na yafe, ƙafa biyun.