Kyandir ɗin Baturen da ke Bangon Ɗakina

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi ni ya faru da ni, ba a bakin rijiya na ji shi ba. Shekara huɗu ke nan, a nan Dakoro, cikin damina, ina jegon ɗiyata ta fari. Sunanta kam ba zan faɗa ba, kun san kunyar ɗan fari.

Ɗakin da muka kama haya, wani mushe ne, wato malamin boko, mai koyarwa a lise, babbar sakandare, ya tashi daga ciki ya koma wata unguwa, ya kwashe komai nasa ban da hoto guda da ya bari a bango. Wani tsohon Bature ne, gashinsa fari a nannaɗe kamar auduga, gabansa tebur, bisa teburin an kife wata ƙatuwar kwalba, cikinta kyandir yana ci, kusa da kyandir ɗin ɗan ɓera a tsaye yana shinshinar gilashi. Akwai rubutu a ƙasa, ban iya karanta shi ba. Ni katakon gefen ne ya burge ni, ruwan zinari, ya dace da jeren kwanukana. Kuma mai jego ba ta da aikin da ya wuce kallon bango, shi ya sa na san hoton nan kamar yunwar cikina: maɓallan rigarsa bakwai, harshen wutar rawaya, ya ɗan karkata hagu.

Inna, uwar maigidana, da ta zo daga Korahane yi mini wankan jego, tun ranar farko ta tsane shi.

"Ke 'yar nan, wanga Nasara mi yake yi bisa kan jikata? Mala'iku ba su shiga ɗaki mai hoto."

Na ce, "Inna, ado ne fa."

"Ado? Dubi yadda yake zare ido kamar an shanye mishi hura!"

Muka daidaita a kan in riƙa rufe shi da kallabi.

Ranar da abin ya faru yarinyar tana da sati uku. Kwana biyu ana ruwa ba rana, maigidana ya tafi kasuwar Roumbou hanya ta yanke masa, zannuwan goyo duk a jiƙe, ga wani sanyi mai shiga ƙashi. Da hantsi bayan wanka Inna ta shigo da kasko cike da garwashin gawayi, ta zuba turare, ta kife kwando a kai, ta shanya zannuwan. Ta ce, "Toshe ko'ina, sanyi shi ke illata mai jego." Ni kuwa da tsoro, yarinya ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi, na rufe taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, har ramin da ke saman tagar na danna masa leda, na sa sakata don kar iska ta banko. Inna kuwa tuni ta tafi madafa dama kunun kanwa.

Ɗaki ya yi ɗumi, daɗi. Can sai kaina ya fara sarawa, zuciyata tana bugu kamar ana daka, na ce jego ne. Yarinyar da ke ta ƙananan kuka ta yi shiru, har na ji daɗi, na ce ta samu barci. Na kwanta gefenta.

Sai kallabin nan ya zame daga kan hoton. Ba iska a ɗakin, ni na toshe ta da hannuna. Ya sulale a hankali kamar an ja shi.

Na ɗaga ido. Wallahi tallahi wutar kyandir ɗin tana motsi. Tana ƙanƙancewa, tana ƙanƙancewa, ta koma kamar ƙwayar gero, ta mutu, ɗan hayaƙi ya tashi cikin kwalbar. Ɓeran da na sani a tsaye, ga shi kwance, ƙafafu a sama. Baturen kuma ba ni yake kallo ba kamar kullum, ƙofa yake kallo.

Na so in yi salati, harshena ya yi nauyi. Na so in kira Inna, murya ta ƙi. Idona sai lumshewa yake, wani abu yana ce mini ki ɗan runtsa kaɗan mana.

Tau! Hoton ya faɗo ƙasa, gilashi ya tarwatse.

Abin da ya tashe ni ba ƙarar ba ce. Yarinyar nan da ko cokali ya faɗi sai ta zabura, ko yatsa ba ta motsa ba. Na ɗauke ta, jiki saɓ-saɓ kamar jiƙaƙƙen zane. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na ja gwiwa cikin fasassun gilashi, har yau tabon yana nan, na laluɓi sakata na zare, muka faɗa tsakar gida cikin ruwa. Inna ta fito da muciya a hannu tana innalillahi, ta fizge yarinyar tana jijjigawa tana hura mata fuska. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji tari, ɗan ƙarami, sannan kuka.

A likita, wato asibiti, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce gubar gawayi ce, ba a ganinta, ba a jin warinta, da mun ƙara ɗan lokaci da sai dai a ɓalle ƙofa. Inna ta yi ta kuka tana cewa haka aka yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta, amma ɗakinsu na kara ne, iska na shiga.

Da muka dawo na duba bango. Ƙusa tana nan daram, igiyar hoton ma ba ta tsinke ba.

Maigidana ya kira mushen ya zo ya ɗauki abinsa. Da mushen ya zo, ya ce Baturen wani masanin sinadarai ne na ƙasar Ingila tun zamanin da, yana cikin waɗanda suka fara gano cewa abin da wuta ke ci a cikin iska shi ne mai rai ke shaƙa, in ka rufe su wuri guda duk su mutu. Yana cikin bayani ya juyo da hoton, sai ya ƙura masa ido.

"Madam, wa ya goge wutar?"

Ya shafa takardar, sumul, ba kankara ba jiƙa. Lagwani baƙi, ɓera a kwance. Ya ce shekara shida yana tare da hoton nan, da wuta ya san shi. Ya ajiye, ya goge hannunsa a riga, bai ɗauka ba.

Inna ce ta naɗe shi da kallabin, ta ce, "Ko mi ne ne shi, aiko shi aka yi." Yana ƙasan akwatina, ban sake buɗewa ba.

Mata 'yan'uwana, don Allah kar ku rufe ɗaki da gawayi, ko wa ya ce ku yi. Ku bar taga ko da sanyi zai kaɗa.

Ɗiyata ba ta taɓa ganin hoton ba, ba wanda ya ba ta labari. Amma bana da ɗari na shigo da kasko ɗaki, ta tashi daga wasanta ta je ta wangale ƙofa. Na ce ke lafiya? Ta ce, "Tsoho mai farin kai ya ce a buɗe."