Ba Komai Ɗin Adda

Har yau in na ji mutum ya ce "ba komai" sai raina ya ɓaci. Kalmar nan ce ta hana yayata injin matsar gyaɗa.

Adda muke ce mata. Kafin a tarwatsa Mubi tana da injinta a Wuro Patuji, manta da ƙuli-ƙulinta har Michika ake kai su. Ranar gudu ta bi ta Sahuda da yara, a ƙafa, har Kamaru. Mijinta ya ce su yi gaba zai biyo baya, kuma har yau bai biyo ba. Da muka dawo, inda injin yake sai ramukan ƙusa a siminti. Ta koma matsa da hannu a turmi, har kafaɗarta ta dama ta fara ƙin ɗaguwa.

Sai wata ƙungiya ta zo da gasar masu ƙananan sana'o'in da suka farfaɗo, kyautar farko sabon inji. Ni ne mai biro a gidanmu, don haka ni na zauna rubuta mata bayanin shiga. Ban rage komai ba: matan da take ba aiki, gudun, injin, mijin. Na karanta mata ina jin kaina.

"Cire maganar baban yara," in ji ta.

"Haba Adda, ai nan ne ƙarfin takardar. Mutanen nan abin tausayi suke nema."

"Auta, mai nake sayarwa. Shi ba na sayarwa ba ne."

Na cire ina ƙunƙuni. Duk da haka takardar ta kai mu zagayen ƙarshe, alƙalai suka zo har gida da tafinta, don ba sa jin Hausa. Suka ga turmi, suka ɗanɗana ƙuli, sai shugabarsu ta tambayi irin asarar da Adda ta yi a rikicin. Adda ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, mun gode Allah."

Yo wa bai san ma'anar wannan ba? Abin da muke faɗa ke nan a zaman makoki, gawa ko sanyi ba ta yi ba. Tafintan ma ya sani, ɗan garin nan ne, amma ya juya musu da Turanci cewa ba ta yi asarar komai ba, idonsa na kan wayarsa. Na buɗe baki, aka ɗaga mini hannu, wai mai sana'a kaɗai ke da magana. Ina kallo matar ta ja ɗan gajeren layi a takardarta.

Wanda ya ci wani mai shago ne da tun kafin harbin farko ya kwashe kayansa zuwa Yola. Shi kam ya iya ba da labari, an ce har da hankici ya share hawaye. Injin yana nan a ƙofar shagonsa, ko ledarsa ba a cire ba. Na daina bin layin, don wallahi ban yarda da bakina ba.

Ranar da sakamako ya fito na tarar da Adda a bakin turmi. Na faɗa mata, na ƙara da zagin tafinta da alƙalai da mai hankici. Ta bari na gama tsaf. Sannan ta mayar da muciyar hannun hagu, ta ce, "Ba komai, Auta."

Ta ci gaba da juya tunkuza, man yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan.