Ƙwaryar Ruwa a Kujerar Baya

Wata biyar ke nan da aka fitar da Malam, maigidana, daga ɗakin can, amma har yau idan mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ji hannuna ya kai ga kallabi yana gyarawa. Jikata da ke koyarwa a makarantar 'yan mata ta ce in faɗa ta rubuta, tunda ni hannuna bai taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce to, amma in kuka ya zo mini kada ta ba ni haƙuri, ta bar ni in gama. Sunansa kuwa ba za a same shi a nan ba. Tun ina yarinya nake gidansa bakina bai furta shi ba, ba yau zan fara ba.

Ni 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ni Tambuwal. Malam direba ne, yana tuƙa wani Bature mai yi wa shanu allura, suna bin rugage. Da aka ba mu mulkin kai Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar masa motar, don ta riga ta tsufa, ba mai sonta. Baƙa ce, bayanta a dunƙule kamar kunkuru, ana tada ta da wani ƙarfe da ake murɗawa ta gaba. Malam ya koma tuƙa babbar motar wani mai sayen gyaɗa da auduga, ita kuwa aka tura ta gindin tsamiyar ƙofar gida. Damina biyu ta yi a nan. Tayoyi suka sace, kajin surukata suka mai da kujerar baya akurki.

Kafin nan na yi ciki biyu. Na farko ya zube tun bai zama komai ba. Na biyu ya kai wata bakwai, aka ce a kai ni gida goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari, ta je ta sauka a ɗakin uwarta. Aka ɗora ni bayan wata babbar mota ranar kasuwa, bisa buhuna. Wanda bai bi hanyar Kebbe ta wancan zamani ba ba zai gane ba. Rairayi, sai duwatsu, sai kwazazzabo, mota ta ɗaga ka ta maka ka. A wani kwazazzabo mai gawo a bakinsa na ji abu ya tsinke mini. Kafin magariba na haife shi a ɗakin innata. Namiji ne. Bai yi kuka ba. Malam yana Sakkwato da kaya, sai bayan kwana uku ya ji.

Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba. Haka muka taso. Miji ba ya ambaton cikin matarsa, ita ma ɓoyewa take yi kamar ta yi sata.

Da ciki na uku ya fito, surukata ce ta yi magana, wata safiya yana shan fura a tsakar gida, ni ina ɗaki ina ji.

"Kafin ruwa ya sauka za a kai ta gida," in ji ta.

Ya daɗe yana juya ludayi. Can ya ce, "Inna, in an aika uwatta ta zo nan fa?"

"Kai, ji wata magana! Ta naɗo tabarma ta zo ta kwana gidan surukinta? Da wane ido za ta dube ka? Ɗiya ɗakin uwatta taka haihuwa, haka muka iske."

Washegari da ya dawo masallaci sai na ji kaji suna ta ihu a ƙofar gida. Ya kore su daga mota.

Ni ba na fita, amma akwai wata tsaga a bangon zaure, ta nan na kalli aikin duka. Maƙerin unguwarmu taubashinsa ne, kullum sai ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Direba, mi kaka yi da wannan gawa? Ba ni ita in fid da hauya ashirin, talakawa su amfana."

"Ado nika so in yi," in ji Malam daga ƙarƙashin mota. "Kowa ya samu mulkin kai, ni in zauna ba motar kaina?"

"To Bature, Allah ya ba ka sa'a. In ta tashi ka kira ni in yi guɗa."

Gari ya ɗauka, wai direba ya yi girman kai, yana son a ce da shi mai mota. Ya bar su a haka. Ya fi masa sauƙi a kira shi mai fahariya da a san abin da ke ransa.

Injin ya ci masa mako uku, duk ranar da ba shi da tafiya yana ciki, baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ranar da ta yi tari ta kama, surukata ta saki muciya ta yi salati, ta zaci aradu ce. Daga nan ya shigo ya ce, "Ɗiyar Kebbe," haka yake kirana, "ara mini zanen nan naki mai ruwan bula." Ya tafi da shi Sakkwato ya dawo da fenti launinsa sak. Da buroshi ya shafa, a gindin tsamiya, ganye da ƙudaje suna faɗawa suna maƙalewa yana tsince su da tsinke. Ya goge ƙarafan gaba da toka har suna ɗaukar ido. Ya ce in saƙa masa labule na tagogin baya, na saƙa fari mai bakin shuɗi. Ban tambaye shi wa za a ɓoye a ciki ba.

Wata rana ya ce in ba shi ƙwarya wadda ba na ji da ita. Ya ja layi da gawayi a cikinta, yatsa biyu ƙasa da baki, ya zuba ruwa daidai layin, ya fita da ita. Ta tsagar bango na ga ya ajiye ta a kujerar baya, ya tokare ta da gammo, ya ja mota. A nan na gane. Na koma ɗaki na kifa kai bisa gado na yi kuka, na sa bakin zane a baki don kada surukata ta ji.

Hanyar Dogon Daji ya fara bi, ya dawo da ruwa fiye da rabi, yana murna. Kashegari ya gwada farkon hanyar Kebbe. Ƙwaryar ta dawo ba ko ɗigo, har ta tsage. Laifinsa ne kuwa. Shi mutumin babbar mota ne, a wurinsa abin da ya yi ƙarfi shi ne mai kyau, sai ya sa maƙerin ya ƙara wa sifirin na baya, ƙarafan da nauyin mota ke zama a kansu, ƙarafa uku uku daga wata matacciyar motar gyaɗa, don kada cikinta ya taɓa ƙasa. Ta ɗaga sama kuwa, amma ta koma tana tsalle.

"Ka mai da ta jaki," in ji maƙerin. "Jakin ma mai ƙuruciya. Wai ni mi kaka nema da ƙwarya? Nono za ka sayar?"

"Cire biyu, ka bar ɗaya ɗaya."

"Jiya sa, yau cire. Aikinka sai ni, don ba ni da zuciya."

Aka cire. Ya ɗora buhun gero biyu a bayanta don ta zauna, ya rage iskar tayoyi kaɗan. Na ba shi wata ƙwarya. Ruwa ya riƙa dawowa rabi. Ya yage tsohuwar kujera, wayoyinta duk sun yi tsatsa, ya shimfiɗa katako, baduku ya ɗinka masa katifa ta jar fata aka cusa audugar rimi. Rabi dai. Kullum ya dawo sai ya tsaya a zaure yana duban cikin ƙwarya kamar mai duba. Ga shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan tsamiya, ga gabas ta fara haɗa gira da la'asar. Tuwo ma ya daina cinyewa.

Tausayinsa ya kama ni. Kowace mace ta san in za ka ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa sai ka jefa ganye a kai, ba ya tangaɗi. Rannan da ya miƙo ƙwarya in cika, sai na tsinko ganyen sabara na watsa a kai na ba shi. Ya duba, ya dube ni. Ya sa yatsa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗiyar Kebbe," ya ce a hankali, "ba kaina nika so in ruɗa ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan kan maganar. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago, sai idona ya faɗa kan ragayar ɗakina, igiyar da nake rataye ƙwaryar nono a kanta.

Na ce, "Malam, abin da ke cikin ragaya ba shi zubewa. Ko an bugi bango, lilo kawai shika yi. Taka ƙwarya bisa katako take zaune."

Ya tsaya yana kallon ragayar nan kamar bai taɓa ganinta ba. Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita.

Aka ɓamɓare katakon. Maƙerin ya ƙera masa zagayen ƙarfe mai ƙafafu, baduku ya yanka ƙiri, igiyar fatar sa, ya saƙa a ciki tsaye da kwance kamar gadon igiya, aka ɗora katifar a kai, ƙarƙashinta ba abin da ke taɓa ta. Kwana fuɗu aka yi. Rana ta biyar ya dawo ya shigo har ƙofar ɗakina, ya ajiye ƙwarya a gabana. Ruwan yatsa ɗaya ne ƙasa da layin gawayi.

Muka tashi da sassafe, rana tana ɓullowa. Surukata ta ce ita za ta raka ni, ta zauna gaba ta ƙanƙame ƙofa tana jan carbi. Ni ina baya, labulena a sake, ƙwarya a gefena, don ya ce ita ma da ita za a je. Kujerar nan tana karɓata kamar an goya ni. Tafiya yake kamar mai taka ƙwai. Da hantsi tsoron surukata ya ƙare, haushi ya maye gurbinsa.

"Kai, wancan mai jakin ba shi muka wuce ɗazu ba? Ga shi ya wuce mu! Wannan ce motar da aka hana kajina kwanciya dominta?"

"Inna, inji sabon gyara ne, ba a matsa mishi."

"Da na sani da na taho da ƙafa, in share musu ɗaki kafin ku iso."

Da muka zo kwazazzabon nan mai gawo, na gane shi tun daga nesa. Ban taɓa gaya masa wurin ba, ban san wa ya gaya masa ba. Ya tsayar da mota ya fita. Ya tuɓe riga, ya riƙa ɗauko duwatsu yana cike ramuka, ya karyo kara ya shimfiɗa, ya bi da ƙafa yana dannawa. Rana tana tsaka, gumi yana bin bayansa. Wannan karon surukata ta miƙo hannu ta baya ba ta waiwayo ba, ta kama nawa, ba ta saki ba sai da muka haye.

Da la'asar muka shiga Kebbe. Ya kai ni har bakin zaure, amma shi bai shiga ba, gidan surukai ne. Innata ta fito ta tare ni. Kafin in shige na waiga. Ya ciro ƙwaryar ya duba, ya ɗaga ta ya shanye ruwan nan da ya wuni cikin zafi, ya shafa fuska. Suka juya a ranar. Kwana uku tsakani ruwan farko ya sauka, hanya ta yanke.

Bayan wata biyu na haihu. Mace ce, ta tsala kukan da maƙwabta suka ji. Ita ce uwar wannan mai rubutu, ita ma ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce. Ranar suna a kan jakin aro ya zo, don mota ba ta iya biyo laka. Maƙerin bai bar shi ya huta da wannan ba har suka tsufa.

Da kaka ya zo ɗaukarmu. Ya ƙara wa motar madubi, da tuntaye na fata suna reto a gaba, da wani ƙaho mai kukan agwagwa. A hanya na ɗage labule, iska tana dukan fuskata, yarinya tana barci a cinyata. Na ce, "Malam, ba ta gudu ne?" Ya yi dariya ya taka, surukata ba ta nan balle ta hana. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan yammacin ba.

Daga baya matan unguwa suka gane. Duk wadda 'yarta ko surukarta ta kai wata bakwai sai ta zo ta raɗa mini, ni kuma in ce masa, "Gobe akwai ƙwarya." Sai ya duba iskar tayoyi. Shekaru motar ta yi tana wannan aiki na kai mata goyon ciki kafin injin ya mutu mutuwar da ba tashi, maƙerin ya samu hauyoyinsa. Kujerar dai Malam ya cire ta ya ajiye a zaure, a kanta ya tsufa. Tana nan, ƙirin ya saki, ban yarda a taɓa ta ba.

A ciwonsa na ƙarshe ba ya karɓar ruwa a hannun kowa sai nawa, ni kuwa hannun ya riga ya fara rawa. Ana jibi zai rasu, da hantsi, na kawo masa a ƙaramar ƙwarya, kafin in kai bakinsa rabi ya zube masa a ƙirji. Na kama goge masa ina ba shi haƙuri. Ya buɗe ido ya dube ni, bakinsa ya motsa, na kai kunne.

"Ɗiyar Kebbe," ya ce, "yau kam sa ganye. Na yarda."

Na yi dariya, hawaye suna zuba a cikin sauran ruwan, ya sha a haka. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa taushi yadda ya yi mini. Ajiye alƙalamin haka nan, kukan ya zo.